Faifai Ba Ya Wuce Uwarsa

A Anou Araren, inda kamfanin SONICHAR ke haƙar gawayin ƙasa yana ƙonawa tun farkon shekarun 1980 don bai wa Arlit da Cirozerin da Agadas wuta, duk wanda ya yi marmarin jitar Abzinawa wayarsa zai laluba. Waƙar na cikin memori, ko an turo ta ta WhatsApp, ko an yi musayarta ta Bluetooth a majalisar shayi. Ita dai wannan waƙa, a wani kanti na Berlin ko Portland ko Tokyo, tana kwance cikin kwali mai hoton mawaƙin da rawaninsa, an buga ta a baƙin faifai irin wanda iyayenmu ke kira faifan garmaho, kuma akwai mai zaro dalar Amurka 25 ko 30 ya kai ta gida. Faifan da aka yi wa jana'iza bayan fitowar CD a 1982 ya tashi. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta ce a 2022 an sayar da faifai miliyan 41 a ƙasar, CD kuwa miliyan 33, kuma rabon da faifai ya wuce CD a yawan ciniki tun 1987.

Kaso mai tsoka na wannan ciniki tsofaffin waƙoƙi ne ake sake bugawa. A cikin masu saye akwai wani rukuni da ya dace a kira su mayun sauti, mutanen da za su kashe kuɗin mota kan allura da lasifika, su kwana suna gardama a kan wane bugu ne ya fi fito da ƙarar ganga. Su ake yi wa bugu na musamman. Za a liƙa takarda a kwali a ce nauyin faifan gram 180, a ce daga zaren asali, wato tef ɗin ɗaukar farko, aka ɗauko, a buga masa lamba don a nuna kaɗan aka yi, sannan a sa masa kuɗi har dala 125, wato jikka 70 na sefa ko fiye. Ra'ayina a kan wannan kasuwa guda ne, kuma shi zan bi har ƙarshe: faifai ba ya wuce uwarsa. Abin da ke cikin ɗaukar farko, da hannun wanda ya sassaƙa ta, su ke yanke ingancinsa. Injin bugu na iya ɓata abu mai kyau, amma ba ya iya ƙara abin da babu. Wannan magana ta fi shafar mutanen Abzin fiye da yadda ake zato, domin waƙoƙinsu na cikin waɗanda ake bugawa.

Mai son gane yadda ake yin faifai ya je ya zauna wurin maƙerin azurfa a Agadas. Maƙeri na fara siffanta kayan ado da kakin zuma, ya lulluɓe shi da laka, ya gasa har kakin ya narke ya bar gurbi, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa. In akwai karkata a kakin, azurfa za ta fito da karkatarta, ko da tsantsarta aka zuba. Haka faifai yake. Ana ɗaukar faranti na alminiyom da aka shafe da wani fenti mai taushi, a ɗora shi a injin sassaƙa, a kunna ainihin ɗaukar waƙar. Wata allura mai zafi, mai bakin dutse mai daraja, tana karkarwa daidai da sautin, tana yanka siririyar tsaga wadda faɗinta bai wuce na silin gashi ba, ta nannaɗe tun daga baki har cibiya. Bahaushen da ya fara ganin abin ya kira shi faifai bai yi kuskure ba, don haka na kaba yake a nannaɗe, sai dai mai saƙa daga cibiya take farawa, allura kuwa daga baki. Bayan sassaƙa sai a fesa wa farantin ruwan azurfa, a tsoma shi a kwamin da lantarki ke tara masa ƙarfen nikel, a ɓanɓaro kwafi na ƙarfe. Masu sana'ar da kansu uba suke kiran wannan kwafi, daga shi a fitar da uwa, daga uwa a fitar da hatiman da ake ɗaura wa injin bugu. Injin na matse dunƙulen roba mai zafi tsakanin hatimi biyu da nauyin da ya kai tan 100, cikin kusan rabin minti faifai ya fito. Robar daga man fetur da gishiri ake haɗa ta, baƙin kuwa wani gari ne mai kama da kunkunniya ake zubawa.

Wanda ya bi wannan jeri zai ga inda tallan gram 180 ya yi rauni. Zurfin tsaga da siffarta tun a injin sassaƙa aka gama da su. Hatimi ɗaya ne zai danna roba mai gram 130 da mai gram 180, kuma allura a saman faifai take tafiya, ba ruwanta da kaurin da ke ƙarƙashi. Faifai mai nauyi ya fi daɗin riƙewa, ya fi zama daram a kan injin, yana ɗan jure lanƙwasa. Shi ke nan amfaninsa. Har ma yana da nasa haɗari, don roba mai kauri ta fi daɗewa kafin ta huce, kuma masana'antar da ke gaggawa za ta fitar da shi a lanƙwashe ko da gurbin da roba ba ta cika ba. Dalilin da ya sa nauyi ya zama abin alfahari tarihi ne. A shekarun 1970 kamfanin RCA ya riƙa fitar da faifai sirara masu lanƙwasuwa kamar fatar ganga, kuma bayan tashin farashin mai na 1973 masana'antu da yawa sun koma niƙa tsofaffin faifai suna sake narkawa, wani lokaci har da ɓurɓushin takardar tsakiya. Masu saye suka haɗa siranta da ƙarar tsatsa a ransu, alhali dattin robar ne ya fi yin ɓarnar.

Ba ina cewa aikin bugu wasa ba ne. Ramin tsakiya in ya goce ko da kaɗan, murya za ta riƙa hawa da sauka kamar mai waƙa a kan raƙumi, kuma a kan dogon amo na jita ko organ abin ba ya ɓoyuwa. Hatimin da aka ci gaba da amfani da shi bayan ya gaji yana dusashe siraran sauti. Ƙura a ɗakin bugu tana zama ƙas-ƙas na dindindin. Saboda haka masana'antu irin RTI a Kalifoniya, da Pallas a Jamus, da QRP a garin Salina na jihar Kansas suka yi suna, kuma sun cancanta. Akwai ma gyare-gyaren da ke da tushe a lissafi. A bakin faifai mai juyi 33 da sulusi a minti, tsaga na wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da cibiya kuwa ta koma kusan 20, don haka waƙar ƙarshe a kowane gefe ita ta fi matsuwa, ita ta fi kwaramniya. Kamfanin da ya raba kundi ɗaya a faifai biyu masu juyi 45 ya bai wa sautin fili na gaske, kuma kuɗin da ya ƙara yana da hujja. Sai dai duk wannan ƙoƙari ne na kada a zubar da abin da aka ɗebo. Tulu mai kyau ba ya zuba, amma ruwan rijiyar da aka ɗebo shi zai kai gida.

Babbar shaida ta fito ne daga cikin gidan mayun sauti. Kamfanin Mobile Fidelity, wanda aka kafa a 1977, shi ne limamin wannan kasuwa, kuma mabiyansa sun yi shekaru suna rantsuwa cewa daɗin faifansa ya samo asali ne daga rashin taɓa kwamfuta: daga zaren asali kai tsaye zuwa injin sassaƙa. A watan Yulin 2022 wani mai kantin faifai a birnin Phoenix, Mike Esposito, ya tayar da zancen cewa ba haka abin yake ba. Injiniyoyin kamfanin suka amsa da bakinsu cewa sun daɗe suna fara kwafe zaren zuwa wani tsarin dijital mai suna DSD, daga nan su sassaƙa. Aka kai ƙara, aka yi sulhun da aka ƙiyasta da dala miliyan 25. An yi ta magana kan yaudarar talla, kuma da gaskiya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne shirun shekarun da suka gabata. Mutanen da ke cewa kunnensu na gane dijital daga nesa sun saurari waɗannan faifai da kayan miliyoyi, sun yaba, sun ba su lambar yabo, ba wanda kunnensa ya tona asirin. Sai da aka faɗa musu. Hausawa na cewa gani ya kori ji, a nan kuwa takardar da aka gani a kwali ce ta kori abin da kunne ke ji. Faifan nan da kyansu, ba a musu, kuma kyan ya fito ne daga zaren asali mai kyau da injiniyoyin da suka san aiki.

Mai ƙaunar faifai zai ce duk da haka shi yana jin wani ɗumi a faifai wanda babu a waya, kuma ba za a ce ƙarya yake ba. Sai dai a tambayi daga ina ɗumin yake. A ma'auni, CD ya fi faifai tazara tsakanin sauti mafi ƙanƙanta da mafi ƙarfi, kusan desibel 96 a kan 60 zuwa 70, kuma ba ya tsufa da yawan kunnawa. Amma tun shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar ƙara, suna matse waƙa a CD da rediyo har ta zama ihu ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Faifai ba ya ɗaukar wannan wulaƙanci, don in aka cika masa ƙarfi allura tsalle za ta yi, saboda haka dole mai sassaƙa ya sassauta. Sau da yawa abin da mutum ke yabawa a faifai wannan sassaucin ne, wato shawarar injiniya, wadda da an ga dama da an yi ta a CD. Sauran ɗumin kuma 'yar murɗiya ce da allura ke ƙarawa, wadda kunnen ɗan Adam ke so, da kuma natsuwar wanda ya tashi ya goge faifai ya zauna minti 20 bai taɓa waya ba. Duk waɗannan abubuwa ne na gaske, kuma wanda ya biya kuɗi dominsu bai yi asara ba, muddin ya san su ya saya.

Yanzu a dawo Abzin, inda zancen uwa ke da wata fuska dabam. Mawaƙan jaz na Amurka da Blue Note ke sake bugawa sun yi ɗaukarsu a sutudiyo, a kan zare mai faɗi, aka adana a ɗaki mai sanyi. Jitar Abzinawa a kaset ta girma. A farkon shekarun 1990, lokacin tawayen Abzinawa, waƙoƙin Abdallah ag Oumbadougou a rakoda ake ɗaukarsu, a kwafa daga kaset zuwa kaset, a ɓoye, kowane kwafi na ƙara shuu yana rage haske. A 1995, shekarar da aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu, ya je Benin ya shiga sutudiyo ya ɗauki kundin Anou Malane, wanda sunansa ya fara da kalmar da ta fara sunan Anou Araren, anu, wato rijiya da Tamashek. Kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke Portland, ya fitar da shi a faifai a 2019, 'yan watanni kafin rasuwar mawaƙin a farkon 2020. Shi ne kuma ya sake buga kaset ɗin Mamman Sani na 1978, kiɗan organ da mutanen Nijar suka sha ji a rediyo da talabijin ba tare da yawancinsu sun san mai shi ba, ya fito a faifai a 2013. Kafin su, kamfanin Sublime Frequencies na Seattle ya fitar da Group Inerane a 2007 da Group Bombino a 2009, ɗauka ta fili, da ƙurarta da hayaniyarta.

Misalin da ya fi kowanne tsauri shi ne kundin Music from Saharan Cellphones na 2011. Kirkley ya tattara waƙoƙin ne daga memorin wayoyin mutane a Kidal, a tsarin MP3, wanda a yadda aka saba matse shi yake zubar da kusan kashi goma cikin goma sha ɗaya na bayanan da ke CD. Daga ciki har da waƙar Mdou Moctar, daga kundinsa Anar da ya ɗauka a Sakkwato a 2008, da muryar da aka bi da na'ura irin ta waƙoƙin finafinan Kano. Aka ɗauki wannan aka buga a faifai. Babu injin sassaƙa a duniya da zai dawo da abin da MP3 ya riga ya yar. Wanda ke sauraren waƙar a wayarsa a Cirozerin da wanda ya ɗora ta a injin dala dubu a Landan, tushe ɗaya suke sha, sai dai lasifikar wani ta fi ta wani.

To, ashe wannan ba damfara ba ce? A ganina a'a, kuma bambancinsa da abin da ya faru a Mobile Fidelity a bayyane yake. Sunan kundin da kansa ya faɗi inda aka samo waƙoƙin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Laifi na shigowa ne in aka ɗauki kwafin kwafi aka lulluɓe shi da gram 180 da kalmomin alfarma, aka bar mai saye yana zaton zaren asali ne. Wannan na faruwa da kiɗan Afirka fiye da yadda ake faɗa, saboda uwayen ɗauka da yawa na kamfanonin da suka yi aiki a Legas, irin EMI da Decca, da na ƙananan kamfanoni, sun salwanta ko sun lalace bayan kasuwar faifai ta mutu. Abin da masu sake bugu kan yi shi ne su nemo tsohon faifai mafi tsabta, su kwafe shi a kwamfuta, su goge ƙas-ƙas, su sake sassaƙawa. Aiki ne halal, wani lokaci ma shi kaɗai ya rage, amma a faɗa a bayan kwali. Kamfanin da ya rubuta daga ina ya samo sauti, wa ya gyara, wa ya sassaƙa, ina aka buga, ya fi wanda ya rubuta nauyi kawai daraja a wurina, ko da faifansa ya fi siranta.

Darajar irin waɗannan faifai na Agadas tana wani wuri da mayun sauti ba su cika dubawa ba. Waƙar da ke yawo a memori ba ta da suna, sau da yawa lamba ce kawai, ko sunan wanda ya turo. Faifai na tilasta a nemo mai waƙa, a rubuta sunansa da garinsa da shekara, a yi yarjejeniya da shi. Kafin a fitar da waƙar Mdou Moctar sai da aka yi cigiyarsa aka same shi, kuma daga wannan ƙofa aka kai ga kundinsa Afelan a 2013, da fim ɗin da aka ɗauka a Agadas a 2015, har zuwa Afrique Victime da kamfanin Matador ya fitar a 2021. Etran de L'Aïr sun shafe fiye da shekara 20 suna kiɗan biki a unguwannin Agadas kafin kundinsu na farko ya fito waje a 2018, yau kuma suna zagaya Turai da Amurka. Bombino, ɗan Tidene a arewacin Agadas, ya tashi daga ɗaukar fili zuwa sutudiyon Nashville, inda ya ɗauki kundin da ya fito a 2013, ya kuma zama ɗan Nijar na farko da aka sa a takarar Grammy. Faifai a nan takardar shaida ce da kuma hanyar kuɗi, don ribar faifai ɗaya da aka sayar a ƙofar zauren wasa ta fi abin da dubban saurare a intanet ke kawowa. Wani binciken kamfanin Luminate da aka fitar a 2023 ya nuna rabin masu sayen faifai a Amurka ne kawai ke da injin kunna shi. Sauran rabin hoto da suna da goyon bayan mawaƙi suka saya, ko da ba su ce haka ba.

Akwai mai cewa, to mu ina ruwanmu, tunda a Anou Araren ba mai injin faifai, kuma ba a buga don mu ba? Rabin maganarsa gaskiya ce. Faifai ba kayan Sahara ba ne. Robarsa na fara laushi tun zafi bai wuce digiri 60 ba, abin da cikin mota a rufe ke kaiwa a watan Mayu a hanyar Arlit. Ƙurar hunturu na shiga tsaga, busasshiyar iska na sa roba ta riƙa jan ƙura kamar maganaɗisu, allura kuma ta niƙa ta a ciki. Injuna da yawa da bugun lantarki suke daidaita juyinsu, don haka wanda aka ƙera don wutar Amurka mai bugu 60 zai ja waƙa a hankali a wutarmu mai bugu 50, kuma a kan janareto sai abin da hali ya yi. Ba zan shawarci ma'aikacin ma'adini ya zuba albashinsa a nan ba. Amma ɗaya rabin maganar kuskure ne, domin mu ke riƙe da abin da kasuwar ke nema. Faifai ana iya buga dubu a yau a ƙara dubu gobe. Uwar ɗauka guda ce, kuma ta kiɗan Abzin da na Hausa tana cikin akwatunan ƙarfe a gidaje, da kantunan masu kwafar kaset da suka rufe, da ɗakunan ajiya na gidajen rediyo irin Muryar Sahel a Yamai.

Kada a ɗauka sakaci namu ne mu kaɗai. A ranar 1 ga Yunin 2008 gobara ta cinye wani ɗakin ajiya na Universal a Kalifoniya, kuma rahoton da mujallar New York Times ta buga a 2019 ya ce takardun cikin gida sun ƙiyasta waƙoƙi kusan 500,000 ne abin ya shafa, ko da yake kamfanin ya yi jayayya da girman asarar. A Fabrairun 2020 wata gobarar ta ƙone masana'antar Apollo, ɗaya daga cikin biyu kacal a duniya da ke yin farantin sassaƙa, aka bar MDC ta Japan ita kaɗai. In masu kuɗi da na'urar sanyaya ɗaki sun yi irin wannan asara, kaset ɗin da ke ƙarƙashin gado a Agadas ba shi da wani alkawari. Bushewar ƙasarmu na taimakonsa ta fuska ɗaya, don laima ce ke sa zaren wasu shekarun ya yi danƙo har sai an gasa shi a hankali kafin a kunna. Zafi kuwa na cinsa, yana sa sautin wani zagaye ya bi na kusa da shi, kuma tsohuwar rakoda mai dattin kai na iya tauna shi a kunnawa ɗaya.

Daga nan ne zancen inganci ke komawa zancen ciniki. Mawaƙi ko magajinsa da wani kamfani ya zo wa da tayin sake bugu ya kamata ya san cewa abin da ke hannunsa shi ne mai tsada, kuma akwai bambanci tsakanin ba da izini na shekaru ƙididdigaggu da sayar da waƙa ɗungurungum. Ya tambayi faifai nawa za a buga, nawa ne rabonsa bayan an cire kuɗin aiki, wa ke da iko in wani fim ko talla ya nemi waƙar, kuma a rubuta, a kai ga ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar, BNDA, in da hali. Ya sa sharaɗin a dawo masa da kaset ɗinsa, tare da kwafin dijital cikakke wanda ba a matse ba, irin WAV, ba MP3 ba. A nan rikicin Mobile Fidelity ya yi mana amfani ba da niyya ba, don ya nuna kwafin dijital da aka yi da kyau na iya zama uwa ta biyu wadda kunnen ƙwararru bai raba ta da ta farko ba. Injin kaset mai lafiya da aka wanke kansa, da ƙaramar na'urar shigar da sauti, da kwamfuta, sun isa a yi wannan aiki a Agadas, kuma kuɗinsu bai kai na faifai goma irin na dala 125 ba. Sai a ajiye kwafin a wuri biyu ko uku da ba rufi ɗaya ba, a rubuta sunan mai waƙa da mai jita da mai ganga da garin da shekarar tun masu tunawa na raye.

Ga mai saye kuma, ko ɗan Nijar ne a Faransa ko ɗan Kano da ya gaji injin mahaifinsa da faifan Shata da Ɗan Maraya, tambayoyin ba su da yawa. Ya juya kwali ya karanta daga ina aka ɗauko sautin. Ya duba fili mara tsaga da ke kusa da takardar tsakiya, inda masu sassaƙa kan karce haruffan sunansu da lambar hatimi, don nan ne ake gane bugu da bugu. Ya ɗaga faifan a haske ya ga ko ya lanƙwashe, ya ɗora ya ga ko allura na lilo hagu da dama. In na Abzin ne, ya nemi sunan mawaƙin da alamar cewa da yardarsa aka buga, domin akwai masu bugun sata da ke kwafe waƙa daga intanet su sa mata kwali mai sheƙi. Tsofaffin faifan gida kuwa, a jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da bango mai shan rana, a goge su da tsumma mai laushi ana bin tsaga, kuma na garmaho masu juyi 78, waɗanda da ƙaron wani ƙwaro na Indiya aka yi su, kada a kusance su da sinadarin giya ko turare, don narkar da su yake yi.